Gidan da Ɗaliban Afirka Suka Buɗe wa Kansu a Landan

A shekarun 1920, ɗalibin Afirka da ya sauka Landan ba littafi ne damuwarsa ta farko ba, makwanci ne. Zai ga takarda manne a taga cewa akwai ɗakin haya, ya ƙwanƙwasa ƙofa, matar gidan ta leƙo ta kalli fuskarsa, ta ce ai ɗazu-ɗazu wani ya kama. Haka zai yi ta bin titi da akwatinsa cikin sanyi.

Irin wannan wulaƙanci na cikin abin da ya sa a watan Agustan 1925 wani ɗalibin lauya ɗan Abeokuta, Ladipo Solanke, da wani likita ɗan Saliyo, Herbert Bankole-Bright, suka tara 'yan uwansu suka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WASU. Masu tarihi sun fi son ambaton 'yan siyasar da suka ratsa ta cikinta, irin su J. B. Danquah da Kwame Nkrumah na Gana. Ni kuwa gidan kwanan da ta buɗe ya fi ɗaukar mini hankali.

Kuɗin gidan ba a Ingila aka same su ba. A 1929 Solanke ya dawo Afirka ta Yamma, ya shafe kusan shekara uku yana bin garuruwa, yana roƙon sarakuna da 'yan kasuwa da ma'aikata, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa. A 1933 aka buɗe gidan a titin Camden. Matarsa Opeolu ce uwar gida, ita ke kula da tukunya da shimfiɗa. Wanda ya taɓa yin wata guda yana cin dafaffen dankali ba yaji ya san darajar shinkafa da miya mai barkono a baƙon wuri. Sabon zuwa ya sami gado, ya sami mai nuna masa hanyar makaranta, ya sami wanda zai ce masa wannan rigar ba za ta tare sanyin Janairu ba.

Ta wannan gida kuma al'adar Afirka ta Yamma ta riƙa fita waje. Turawa kan zo cin abinci da sauraron muhawara da raye-raye, mawaƙin nan Ba'amurke Paul Robeson ma ya zama uban ƙungiya. Tun 1926 suka fara buga mujallarsu mai suna Wasu, inda ɗaliban ke rubuta tarihi da dokokin gargajiyar ƙasashensu da hannunsu, maimakon su bar wa jami'an mulkin mallaka. Shi kansa Solanke ya koyar da Yarabanci, ya kuma naɗi waƙoƙin gargajiya a faifan garmaho.

Hukuma dai ba ta saki jiki da gidan ba. Ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka ya mara wa wani masaukin baya, Aggrey House, wanda aka buɗe a 1934. Ɗaliban suka ce wannan tarko ne na sa musu ido, suka yi kira a ƙaurace masa. Daga baya gwamnatin da kanta ta dawo tana ba WASU tallafi, a 1938 kuma ƙungiyar ta koma wani gida mafi girma a unguwar ta Camden.