Aiki ko Sana'a? Ƙa'idojin Neman Kuɗi a Bizar Karatu da Fahimtar Ɗalibi Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin ƙa'idojin da ƙasashe ke gindaya wa baƙin ɗaliban jami'a dangane da yin aiki yayin da suke riƙe da bizar karatu. An duba tsarin Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashe, sannan aka waiwayi matsayin ɗaliban Jamhuriyar Nijar da ke karatu a Sakkwato. Maƙalar ta nuna cewa babban tarkon da ke gaban ɗalibi Bahaushe yana cikin kalmar "aiki" ne, domin abin da dokokin shige da fice ke nufi da ita ya fi faɗin abin da Bahaushe ya saba nufi.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda daga baya ta zama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, unguwanni irin su Runjin Sambo, inda ma'aikatanta da dama ke zaune, suka zama mahaɗar masu tafiya neman ilimi iri biyu. Akwai matasan malamai da ke fita ƙasashen waje domin digiri na biyu ko na uku, wasu da aljihunsu, wasu kuma a baya da tallafin asusun TETFund. Akwai kuma ɗaliban da ke shigowa daga maƙwabta, musamman Nijar. Dukkansu baƙi ne a idon dokar ƙasar da suka sauka, kuma tambaya guda ke gabansu: shin ɗalibi na da izinin neman kuɗi yayin karatu?

Tambayar ta ƙara tsanani bayan da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023, abin da ya ninka nauyin kuɗin makaranta a kan masu karatu a waje. A watan Mayun 2024 kafofin yaɗa labarai sun ruwaito yadda aka dakatar da wasu ɗalibai 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila saboda kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. A irin wannan hali ɗalibi kan juya ga neman na kai, kuma a nan ne yake cin karo da sharuɗɗan bizarsa.

2.0 Karatu da Neman Abinci a Al'adar Bahaushe

A tsarin ilimin gargajiya na ƙasar Hausa, karatu da neman abinci tare suke tafiya. Gardi yakan yi ɗinkin hula, ko wanki da guga, ko ƙwadagon gona, ba tare da an ga ya bar karatu ba. Ruwayoyi sun nuna Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa yana tufkar igiya domin ya ci daga guminsa. Alhazan ƙasa da suka bi ta Sudan sukan yada zango su yi aikin auduga a gonakin Jazira, su tara guzuri kafin su ci gaba. Saboda haka, a tunanin Bahaushe, baƙon da ya kama sana'a a garin mutane abin yabo ne.

Harshen kuma ya rarrabe hanyoyin neman kuɗi. A bakin mutanen yau, idan aka ce wane ya sami "aiki", ana nufin na albashi a gwamnati ko kamfani. "Sana'a" ita ce ta hannu ko ta gado, "kasuwanci" saye da sayarwa, "ƙwadago" na yini ne, "taimako" kuwa hidima ce da ake yi wa ɗan'uwa, ko da za a ba da na goro. Wanda ke sayar da turare yana iya cewa ba ya aiki, kuma bai yi ƙarya ba a ma'aunin harshensa.

3.0 Iyakar Lokaci

Ana ba da bizar karatu ne bisa sharaɗin cewa karatu ne ya kawo mutum, kuma ya riga ya nuna shaidar kuɗin da zai ɗauki nauyinsa. Shi ya sa ƙasashe ke taƙaita lokacin aiki, domin kare karatun da kuma kare guraben aikin 'yan ƙasa.

A Birtaniya, mai karatun digiri na cikakken lokaci yana da awa 20 a mako yayin zangon karatu, mai karatun ƙasa da digiri kuma awa 10, sannan an yarda da cikakken aiki lokacin hutu. Ana ƙidaya mako daga Litinin zuwa Lahadi, kuma ba a ɗaukar ragowar awowin wani mako a kai wani. A Amurka, mai bizar F-1 yana da awa 20 a mako, amma a cikin harabar jami'a. Aikin waje sai da izini na musamman, galibi bayan kammala shekarar farko. Kanada ta tsayar da awa 24 a mako na aikin wajen jami'a daga watan Nuwamban 2024. Ostireliya tana ba da awa 48 a kowane mako biyu tun daga watan Yulin 2023. Jamus da kwana take lissafi: cikakken yini 140 ko rabin yini 280 a shekara, tun daga watan Maris na 2024. Faransa ta yanke awa 964 a shekara.

Akwai wani abu da ya shafi masu karatun gaba da digirin farko. A Birtaniya, watannin da ɗalibin digiri na biyu ke rubuta kundinsa galibi ana lissafa su cikin zangon karatu, ko da ɗaliban digirin farko sun tafi hutu. Wanda ya ga aji ya watse ya ɗauka hutu ne, ya kama cikakken aiki, ya saɓa sharaɗi.

4.0 Iyakar Nau'in Aiki

Ƙidayar awowi abu ne mai sauƙin kiyayewa. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da doka ke kira aiki. Bizar ɗalibi a Birtaniya ta hana zaman kai a neman kuɗi da duk wata harkar kasuwanci, komai ƙanƙantarta. Ta kuma hana zama ɗan wasan motsa jiki na sana'a, ko mai nishaɗantarwa da ake biya, ko riƙe gurbin cikakken aiki na dindindin.

Idan aka auna wannan da rabe-raben Hausa, za a ga cewa abin da aka halatta shi ne "aiki" na albashi, abin da aka haramta kuma shi ne "sana'a" da "kasuwanci", wato waɗanda Bahaushe ke ɗauka ba su buƙatar izinin kowa. Ɗalibar da ke dafa tuwo ko yin kilishi tana sayar wa 'yan'uwa ta WhatsApp ta shiga kasuwanci. Haka ɗalibin da ya taho da huluna ko yadi yana sayarwa. Manazarcin Hausa da ke karɓar fassara ko tafinta ko koyar da harshe ta intanet, ana biyansa kai-tsaye ba a matsayin ma'aikacin wani ba, ya faɗa cikin zaman kai. Mawaƙin da ya karɓi kuɗin wasa a wajen biki ma ya taɓo haramcin nishaɗantarwa. Hatta "taimako" a shagon aboki na iya shiga lissafin awa 20, domin rashin biya bai fitar da hidima daga ma'anar aiki ba idan akwai lokaci da nauyin da aka ɗora wa mutum.

Ƙasashe sun bambanta a nan. Kanada ta yarda da zaman kai muddin ba a wuce awowin da aka yanke ba, yayin da a Amurka duk neman kuɗin da ba a ba da izininsa ba yana rushe matsayin ɗalibi. Sakamakon saɓawa kuwa mai nauyi ne: soke biza, katsewar karatu, da wahalar samun wata bizar nan gaba. A Birtaniya, dokar shige da fice ta 2016 ta mayar da aiki ba bisa izini ba laifin da ake hukuntawa, jami'ar da ta ɗauki nauyin bizar kuma wajibinta ne ta kai rahoto idan ta gano an saɓa.

5.0 Ɗalibin Nijar a Sakkwato

Nijeriya ma tana da nata sharuɗɗan. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba karɓar aiki a wajen masu zaman kansu sai da rubutaccen izinin shugaban Hukumar Shige da Fice, ta kuma hana shi kafa kasuwanci sai da izinin minista. Abin da ya sauƙaƙa wa ɗan Nijar shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har tsawon kwana 90, da ƙarin yarjejeniyoyin 1986 da 1990 kan 'yancin zama da na kafa sana'a.

Ɗalibin da ya tsallako daga Birnin Ƙonni ta Illela, harshensa da shigarsa ɗaya ne da na Basakkwace, don haka da wuya ya ji kansa baƙo. Sai dai ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta umarci mambobinta da su ci gaba da ba 'yan waɗannan ƙasashe damar zirga-zirga da zama da kafa sana'a har sai an yanke wata shawara. Ke nan, damar da a da take bisa yarjejeniya yanzu ta rataya a kan tsarin wucin gadi, kuma ɗalibin da ke haɗa karatu da sana'a yana buƙatar takardar zamansa ta kasance a kammale.

6.0 Kammalawa

Bizar karatu tana tafe da iyakoki biyu, na lokaci da na nau'in aiki, kuma na biyun ne ya fi saurin kama Bahaushe saboda saɓanin ma'ana. Idan mai fassara ko ɗan jarida ya ce "an yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20", mai sauraro zai fahimci cewa sana'a da kasuwanci ba sa cikin maganar. Zai fi dacewa a ce "aikin albashi a ƙarƙashin wani", a kuma bayyana hukuncin sana'a da kasuwanci daban. Ya kamata sassan koyar da Hausa da ofisoshin da ke tura malamai karatu waje su tanadi irin wannan bayani, tare da tunatar da matafiyi cewa ƙa'idojin suna sauyawa, don haka abin dogaro shi ne sharaɗin da ke rubuce a bizarsa da jagorar ofishin baƙin ɗalibai na jami'ar da ya sauka.