Matacin Lofe Yana Sauya Ɗanɗanon Taba, Amma Ba Ya Kawar da Illarta

Kafanchan — Lofen gargajiya da dattawa suka saba zuƙa a ƙauyukan Kudancin Kaduna ba shi da mataci. Tsawon bututunsa ne ke sanyaya hayaƙi. Lofen Turai kuwa, musamman na Jamus, akan cusa masa matacin gawayi mai kaurin milimita 9.

Gawayin yana tsotse danshi da wani kaso na kwalta, sai hayaƙin ya yi laushi a harshe. Amma yakan haɗa da ƙanshi ya tsotse, shi ya sa taba marar ƙarfi kan koma salaf. Idan kuma matacin ya jiƙe, ɗaci yake ƙarawa.

Sai dai laushin hayaƙi ba lafiya ba ne, domin haɗarin sankarar baki da huhu na nan daram. Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta haramta rubuta wa kwalin taba kalmomin da ke nuna sauƙin illa, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Dillalin da ya saɓa mata, a Kafanchan ko wani gari, yana iya fuskantar tara ko ɗauri.