Ƙafar Kyamara Ma Tana Son Gammo

Yau filin namu zai leƙa wata sana'a da ta shigo hannun 'ya'yanmu mata, watau ɗaukar hoto da bidiyo a wajen biki da suna.

Kin dai san al'adarmu. Ranar kamu ko wunin biki cikin gida na mata ne, kuma magidanta da yawa ba za su yarda wani ƙato ya shigo da kyamara tsakiyar iyalinsu ba. Ƙofar da aka rufe wa maza ita ce ta buɗe wa 'yan mata. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kyamarar bidiyo ta fara zama 'yar gida a ƙasar nan, har mata irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka shiga shirya fim. Yanzu kuwa ko da wayar hannu yarinya tana iya farawa.

Kwanan baya na je suna wani ƙauye a ƙasar Bichi. Mota ta ajiye mu a bakin titi, sauran tafiyar a ƙasa ce, ta wata 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki. A gabana akwai wata budurwa saɓe da ƙafar kyamara, watau ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake girke kyamara a kansa domin kada hoto ya yi rawa. Tana tafe tana sauya kafaɗa, tana tsaki. Da muka isa ta nuna mini inda ƙarfen ya yi mata sawu, ta ce in dai haka aikin yake gara ta koma ɗinkin hula. Na ce mata, "'Yar nan, shekara nawa kakarki ta yi tana ɗauko tulu daga rijiya? Kin taɓa ganin ta aza shi a ka babu gammo?"

Ba nauyi ne ya dame ta ba. Irin ƙafar da masu wannan aiki suke riƙewa ba ta cika wuce kilo 2 zuwa 4 ba, alhali ruwa lita 20 da 'yan mata ke ɗauka kullum kilo 20 ne. Illar ita ce ƙarfen siriri ne, nauyinsa duka yana taruwa a wuri guda bisa ƙashi. Aikin gammo shi ne ya baza nauyi. Ga shi kuma ƙarfe ba ya ɓoye zafi ko sanyi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, in ya sha rana sai ya ƙona hannu. Da asubahin hunturu kuwa sai ki ji kamar ƙanƙara kika riƙe. Hannun da ya ji zafi saurin sakin kaya yake yi, kuma in kyamara ta faɗi, adashin shekara guda ne ya faɗi.

To, da tsohuwar zuma ake magani. Abin da za a yi wa ƙafar gammo da shi duk yana ɗakin uwargida. Ki sami soso na tsohuwar katifa, ki yanka shi kaurin yatsa guda, ki naɗe gaɓar sama ta kowace ƙafa, wadda ta fi kauri, domin ita ce ba ta shigewa cikin wata. In babu soso, tsumman atamfa ya isa, a ninka shi. Sai ki karɓo tsohon tiyub na keke wurin mai faci, ki tsaga shi siri-siri, ki ɗaure soson sama da ƙasa. Kada ki bar robar a fili, gama baƙar roba ita ma tana ɗaukar zafi. Ki bi kanta da ƙyalle mai haske, faɗin yatsa uku, kina naɗewa daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, sa'an nan ki ɗinke bakin da zare mai ƙarfi. Lalle ne ki bar tazarar yatsa biyu tsakanin naɗin da maɗauran da ke riƙe gaɓoɓin, kuma ki gwada haɗe ƙafafun uku ki ga suna rufuwa. In ba su rufu ba, naɗin ya yi kauri, sai a rage.

Mai hali tana iya kai ta wurin dukawa a Kasuwar Kurmi ko a kasuwar garinsu, su ɗinka mata kube na fata mai igiya, wanda za a iya kwancewa. Wannan ya fi amfani da damina, domin soso yana shan ruwa, in ba a cire an shanya ba sai wari da tsatsa a kusoshi.

Na biyu shi ne maratayi. Siririyar igiya yanka kafaɗa take yi. Ki duba majanyin da ake goyo da shi, faɗinsa ne ya sa uwa ke wuni da ɗa a baya. Ki ɗinka ɗamara mai faɗin yatsa huɗu da yadi mai kauri, ki ɗaure baki ɗaya a wuyan ƙafar, ɗayan a ƙasa, ki rataya a baya kan yana sama. Wadda ke gudun ƙarfen ya yaga mata hijabi, sai ta ɗinka masa doguwar jaka mai zuge. Amma ko ta yaya za ki ɗauka, ki fara cire kyamarar ki sa a jakarta. Kada ganda ta sa ki saɓa su a haɗe.

Akwai kuma abin da ƙasarmu ta keɓanta da shi. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Dambatta, gona tana jikin gona ne, babu fili na banza. Ƙafar da aka gicciya a kafaɗa ko a bayan babur sai ta riƙa karya gero da dawar mutane, ta kama shinge. Ki riƙe ta a tsaye. In za ki girke ta a gefen gona, ki nemi izinin mai ita, ki duba kada ki taka gyaɗa ko wake. Inda ƙasa jigawa ce ƙafafun nutsewa suke yi, saboda haka ki riƙe murafun gwangwani uku a jaka, ki sa ɗaya a ƙarƙashin kowace. Ki fara zaro gaɓoɓi masu kauri kafin sirara, domin sun fi tsayuwa.

In an dawo gida, a karkaɗe ƙura da busasshen tsumma da tsohon buroshin haƙori, musamman da hunturu. Kada a shafa man gyaɗa a gaɓoɓin. Mai yana kama yashi, yashi kuwa shi ke cinye su.

Uwargida, in 'yarki ta kama wannan sana'a, kada ki ce ba ki san kan kyamara ba. Kin san gammo, kin san majanyi, kin iya allura da zare. Ki zauna da ita yammaci guda ku yi wannan aiki tare, kada ciwon kafaɗa ya raba ta da abin da za ta taimaki kanta da shi har a ɗakin mijinta. Ke kuma 'yar makaranta, ranar da babu karatu ake zuwa ɗaukar biki.

Allah ya sa albarka a cikin neman. Sai mun sake saduwa.