Tattasai da Hasken da Ido Ba Ya Gani

A fadamun Gulbin Kaba, cikin gundumomin Agye da Gazawa, da na Gulbin Maraɗi wajen Gidan Runji, tattasai da barkono suna cikin abin da muke dogara da shi a noman rani. Wani lokaci a komin reno mukan ga tsiro guda ya fita daban da sauran: fari fat, ko gajere ƙwarai, ko mai ganye da zane-zane. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke iya sauya halittar shuka shi ne wani haske mai ƙarfi. A kansa za mu yi bayani yau.

Rubutun da ke cikin iri

Jikin tattasai an gina shi da ƴan ƙwayoyi ƙanana waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. A cikin kowace ƙwaya akwai zare mai tsawo da ake kira zaren gado. A kan zaren nan aka rubuta dukan halin shukar: tsawonta, launin ƴaƴanta, yajinta, da jimirinta ga cuta. Haruffa 4 kawai ake jerawa a yi wannan rubutu. Zaren yana naɗe cikin ƙunshi 24. Ƙunshi 12 daga garin fure, wato ɓangaren uba, 12 daga ɓangaren uwa.

Mu da muka koyi karatu mun san darajar harafi guda. A kalmar "gona", in aka sauya n da r, ta zama "gora". In aka cire lanƙwasar ƙ a "ƙasa", ta zama "kasa". Haka rubutun gado yake. Harafi guda in ya sauya, halin shuka yana iya sauyawa.

Wane haske ne wannan?

Duk wanda aka taɓa yi wa hoton ƙirji ko na ƙashi a asibiti ya gamu da irinsa. Ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa nama. Akwai wani mai kama da shi, wanda yawanci ya fi shi ƙarfi, ana kiransa gama. Yana fitowa daga wasu ma'adinai, kamar wani ƙarfe mai suna kobal 60. Kaɗan daga irin wannan haske yana nan kullum a ƙasa da duwatsu da sararin sama, amma bai kai yawan da zai sauya gona ba. Rediyo da salula ba su da ƙarfin tsinke zaren gado.

Yadda yake sauya tattasai

1. Hasken yana ratsa ɓawon iri ya kai ga ɗan tsiron da ke kwance a ciki.

2. Yana tsinke zaren gado kai tsaye, ko ya farfasa ruwan da ke cikin ƙwayar, abin da ya fito daga ruwan ya ci zaren.

3. Ƙwayar tana ƙoƙarin ɗinke zaren. Sau da yawa ɗinkin yana yin daidai. Wani lokaci harafi ya faɗi, ko ya sauya, ko guntun zare ya manne a inda ba wurinsa ba.

4. Idan ƙwayar ta rabu biyu don shukar ta girma, sai ta kwafi kuskuren. Duk ƙwayoyin da suka fito daga gare ta suna ɗauke da shi.

Don haka lokacin girma shi ne lokacin haɗari. Irin da ya jiƙa ya fara tsiro ya fi busasshen iri saurin lalacewa. In hasken ya yi yawa, irin ba ya tsirowa. In ya yi matsakaici, shukar tana fitowa a tsumbure, furenta yana zuba, ƴaƴanta ba su da iri sosai. Sau da yawa reshe guda ne ya sauya, sauran rassan suna nan yadda suke.

Yawancin sauyin yana ɓoye a shukar farko. Dalili shi ne kowane hali an rubuta shi sau biyu, na uba da na uwa, kuma mai lafiyar yana rufe mai kuskuren. Sai an shuka ƴaƴanta, kuskure biyu suka haɗu a tsiro guda, sannan abin ya bayyana. A nan ake ganin farin tsiro. Ba shi da koren da ganye ke haɗa abinci da shi, shi ya sa yake mutuwa cikin ƴan kwanaki.

Masana sun mai da shi kayan aiki

A 1928 wani masani a Amurka, Lewis Stadler, ya nuna cewa hasken hoton ƙashi yana sauya gadon masara da sha'ir. A 1964 hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, da hukumar makamashin atam ta duniya suka haɗa hannu don wannan aiki. Zuwa yau an fitar da sabon iri fiye da 3,000 ta hanyar sauya gado. A Bulgeriya, Stefan Daskalov ya samar da sabbin irin tattasai da wannan dabara, har da wani mai suna Albena.

Aikin yana son haƙuri. Ana haska dubban ƙwayoyin iri, a shuka, a sake shukawa shekara da shekaru. Mafi yawan sauyin ɓarna ne. Ɗaya-ɗaya ne ake samu mai amfani, kamar mai nuna da wuri ko mai jure cuta.

Akwai haɗari ga mai ci?

Hasken yana wucewa, ba ya zama cikin iri, kamar yadda mutum ba ya fita da shi daga ɗakin hoton asibiti. Tattasan da ya fito daga irin nan ba ya ɗauke da hasken. Haɗarin yana wurin haskawa, shi ya sa ƙwararru kaɗai ke yi, a ɗaki mai kaurin bango.

Abin da ya shafe mu a lambu

Sauyin gado abu ne da ba safai yake faruwa ba. In mun ga baƙon abu a lambu, mu fara duba waɗannan:

Idan shuke-shuke da yawa suka nannaɗe ganye suka yi rawaya, mu zargi cutar da ƙwari ke yaɗawa, kamar farin ƙuda da darɓa. Kada mu ɗebi iri a jikinsu.

Idan tattasan bana ya yi yaji, mu tuna ko bara an dasa shi kusa da barkono. Ƙudan zuma suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan.

Idan irin kanti ne mai alamar F1, ƴaƴansa ba sa fitowa bai ɗaya.

Amma idan shuka guda ce lafiyayya ta fi sauran kyau, mu ɗaura mata tsumma don shaida. Mu ajiye irinta daban, mu gwada a komi guda shekara biyu ko uku. In halin ya dawwama, mu sanar da malamin gona, ko cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, a Maraɗi. Abin da aka shuka shi ke tsirowa. Allah ya ba mu albarkar lambu.