Jiragen da Mai Zane Ya Shafe

A shekarar 1810, masu zuwa baje kolin zane-zane a birnin Balin suka tarar da wani hoto da ya ɗaure musu kai. Caspar David Friedrich, Bajamushe haifaffen Greifswald a 1774, shi ya zana shi, kuma yau yana rataye a gidan adana zane na Alte Nationalgalerie. Kusan duk allon sararin sama ne. Can ƙasa akwai siririn rairayi, sai teku baƙi ƙirin, sai wani rahibi, wato Kirista mai zuhudu, ɗan mitsitsi, tsaye shi kaɗai ya ba mu baya. Babu itace a gefe, babu hanyar da za ta ja mai kallo zuwa ciki, kamar yadda masu zanen zamanin suka saba. Ido ya nemi wurin sauka ya rasa, kuma ta nan kaɗaici ke shigar mutum tun bai tambayi ma'anar komai ba.

Wani zai ce ai wannan duk shaci-faɗi ne: mai baƙin ciki ya ga baƙin ciki, mai nishaɗi ya ga yamma mai daɗi a bakin ruwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma allon da kansa ya ba da shaida. Da masana suka haska hoton da na'urar da ke ganin abin da ke ƙarƙashin fenti, sai ga jiragen ruwa da Friedrich ya zana da farko, daga baya ya bi su ya shafe. Jirgi alama ce ta tafiya da dawowa, da ciniki, da ceto. Wanda ya sha wahalar zana su sannan ya binne su, da gangan ya toshe wa rahibin mafita.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne a ɗauki alama kamar kacici-kacici mai amsa ɗaya. Wasu na danganta duhun hoton da mutuwar ƙanen mai zanen da ya nutse a ruwan ƙanƙara a 1787, wasu da mamayar Napoleon na Faransa bayan ya murƙushe masarautar Jamusawa ta Prussia a 1806. Duka biyun sun faru, sai dai babu wanda aka zana a allon. Abin da aka zana shi ne ƙanƙantar mutum a gaban halitta, kuma sarkin Prussia, wanda ƙasarsa ke durƙushe a lokacin, shi ya sayi hoton a wannan baje kolin.