Ranar Ziyara a Madina

Tun da daddare ake shelarta. Jami'in alhazai, ko ɗaya daga cikin malaman bita, zai bi masauki hawa-hawa yana ƙwanƙwasa ƙofofi: gobe ziyara, kowa ya sauko da alwalarsa da zarar an karya kumallo, mota ba ta jiran kowa. Kafin ƙarfe bakwai na safe ƙofar otal ta cika. Kowace jiha da launin atamfarta, mata cikin dogayen hijabai masu tambarin hukuma a baya, kowa da 'yar jakarsa rataye a wuya. Tsofaffi ne kullum ke riga kowa fitowa, wasunsu ma tun da aka sallame asuba ba su koma ɗaki ba. Manyan motoci jere a bakin titi, direbobi na ta “yalla hajji, yalla hajja”, ana ƙirga mutane ana sake ƙirgawa.

Wanda ya san yadda Bahaushe yake baƙunta ba zai yi mamakin tsarin wannan rana ba. A wurinmu baƙo ba ya sauka a gari ya kama yawon kallon gine-gine. Maigida zai fara gaisarwa, sannan a haɗa shi da yaro ya zaga da shi gidajen dangi da na manya, in akwai wanda ya rasu a bayansa a kai shi ya yi addu'a. Da wannan tarbiyya muke shiga Madina. Maigidan shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma wurinsa ake fara zuwa tun ranar sauka, kafin ma a kwance kaya. A yi wanka, a sa farare, a shafa turare, a shiga ta Babus Salam a bi layi a hankali har gaban raga. A yi masa sallama, a ɗan matsa a yi wa Sayyidina Abubakar, a ƙara matsawa a yi wa Sayyidina Umar, a fita ta ƙofar Baƙi'a. Ranar ziyara kuwa ta zagayen sauran mutanen gidan ce.

Kuma ba wanda ke isa gaban ragar nan hannu rabbana. Tun a gida, wajen sallama, an ɗora masa kaya: “Alhaji, don Allah in ka je ka ce wance 'yar wane tana gaisuwa.” Goggo ta ba da nata saƙon, limamin unguwa ya ba da nasa, har mai sayar da ruwa ya bi mota yana tunatarwa. Wasu kan rubuta sunayen a 'yar takarda su sa a aljihun gaba, don askarawa ba sa barin a tsaya, in ba ka shirya ba sai ka fito ka tarar rabin mutanen sun zube maka. Malamai sun daɗe suna ja a kan wannan. Wasu na cewa salati yana isa daga ko'ina aka yi shi, ba ya bukatar ɗan aike. Wasu kuma na kafa hujja da abin da aka ruwaito cewa Umaru ɗan Abdul'azizu kan aiko da gaisuwa daga Sham, su ce amana ce, wanda ya karɓa ya isar. Ni dai ban ga yadda zan dubi tsohuwar da ta san ba za ta taɓa zuwa ba in ce mata saƙonta ba shi da muhalli ba.

Baƙi'a ba a bukatar mota, tana jikin masallaci ta gabas. Ana buɗe wa maza bayan asuba da bayan la'asar, mata kuwa daga bayan katanga suke tsayawa su yi addu'arsu. Wanda ya fara shiga yakan ɗan yi turus, don babu rubutu, babu gini, sai tudun ƙasa da ɗan dutse a kai, tun da aka rushe ƙubbobin wurin kimanin shekara ɗari da suka wuce. Amma sai mai rakiya ya fara nuni, sai ka ji sunayen gidanku. Can A'isha da Hafsatu da Saudatu da Zainabu da Safiya da Juwairiyya, duk matan Annabi suna nan in ban da Nana Khadija da ke Makka da Maimunatu da ke Sarif. Can Abbas da Hasan, can Ibrahim ɗan Ma'aiki da ya rasu yana jariri, can ciki sosai Sayyidina Usman. Da ƙyar ka sami gidan Bahaushe da babu ɗaya daga cikin sunayen nan. In aka zo kan Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, za ka ga malaman zaure sun daɗe a tsaye. Mutumin da suka yi shekaru suna biya Risala da Askari a kan mazhabarsa, yau ga makwancinsa. Alhajin da ajali ya riska a Madina nan ake kai shi, kuma a gida in labari ya zo, ana kuka ana cewa ya dace.

Motar dai Ƙuba takan fara nufa, kamar kilomita uku kudu da Harami, kuma saboda ita aka nace kan alwala. Nan Annabi ya fara sauka da ya yi hijira a shekarar 622, nan aka aza masallacin farko a Musulunci, kuma ya tabbata cewa wanda ya yi tsarki a gidansa ya zo ya yi salla a cikinsa yana da lada irin na umara. Shi ya sa tsofaffi ba sa yarda su sake alwala a can, daga ɗaki suke riƙo ta. Farin gini ne fes mai hasumiya huɗu. Raka'a biyu ce, sai dai mutanenmu ba sa iya tsayawa a biyu, wannan ya ƙara don ya sa mahaifiyarsa a addu'a, wancan ya zauna yana jan carbi, har sai an shigo ana kiran sunan jiha.

Ƙiblataini ba a daɗewa, wani lokaci ma daga cikin mota ake nuna shi. Masallacin Banu Salima ne, inda ake danganta juyawar alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba a shekara ta biyu. Alhazan da suka zo da daɗewa suna ba da labarin alƙibla biyu a cikinsa, gaba da baya, amma tun da aka sake ginin saura ɗaya. Haka Sab'u Masajid a gindin dutsen Sal'u, inda aka yi yaƙin Khandaƙ a shekara ta biyar, aka haƙa rami bisa shawarar Salmanul Farisi. Kowa na sauka sai ya fara neman ramin, ramin kuwa ya cike tun tuni. Wasu su yi ta ƙirga masallatan ba su kai bakwai ba. Masu ƙarfin gwiwa su hau matakala zuwa masallacin Fatahi, sauran su tsaya a inuwa.

Uhudu ce zuciyar ranar. Tun daga nesa kake hango shi, dogon dutse mai ja-ja ya tokare arewacin gari, tsawonsa ya kai kilomita bakwai. Kowa ya san Annabi ya shaida ƙaunar da ke tsakaninsa da dutsen nan, don haka da an hango shi motar takan yi tsit, sai salati ƙasa-ƙasa. A gabansa akwai ɗan tsauni wanda ko tsoho kan iya hawa, shi ne tsaunin maharba. In an yi sa'ar mai rakiya, galibi ɗalibi ɗan gida da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, a kan tsaunin zai tara jama'a. Zai nuna inda Musulmi ɗari bakwai suka ba dutse baya, bayan Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da mutum ɗari uku. Zai nuna ta inda Ƙuraishawa dubu uku suka ɓullo. Zai ce nan inda muke tsaye aka ajiye maharba hamsin ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, aka ce kada su motsa ko me suka gani, sai suka ga an fara kwasar ganima, mafi yawansu suka sauka, Khalidu ɗan Walidu ya zagayo da dawaki ta bayan tsaunin nan. Labari ne da muka sha ji a majalisin maulidi da wajen tafsiri. Sai dai jin sa kana tsaye a kan tsaunin, kana auna tazarar da idonka, kana ganin yadda wurin yake kusa-kusa, wannan wani abu ne dabam.

Daga nan a gangaro maƙabartar shahidai, mutum saba'in a cikin shinge guda. A tsakiya ake nuna Sayyidina Hamza, baffan Annabi, kusa da shi Mus'abu ɗan Umairu da Abdullahi ɗan Jahshi. Mus'abu ne yake karya wa mutane zuciya. Saurayin da ya tashi cikin daula a Makka, ba wanda ya kai shi ado da ƙamshi, shi aka fara aikowa Madina ya koyar da Alƙur'ani, shi ya riƙe tuta a ranar, kuma da aka zo binne shi mayafinsa bai isa ba. In an rufe kai sai ƙafa ta fito, in an rufe ƙafa sai kai ya fito, har aka rufe kan aka sa ciyawa a ƙafafun. Na ga dattawa masu furfura sun juya baya suna goge ido da gefen hirami a daidai wannan gaɓa. Mata kuwa, mai rakiya mai hankali ba ya mantawa ya gaya musu cewa a filin nan Nusaiba 'yar Ka'abu ta tsaya da takobi tana kare Ma'aiki, kuma nan Safiya goggon Annabi ta zo ta ga gawar ɗan'uwanta Hamza ta yi haƙuri. Duk mai suna Hamza ko Nusaiba a cikin ayari, ranar ana ta dafa shi.

A da, da wuya a bar Uhudu ba a ƙulle 'yar ƙasa ko tsakuwa a gefen zane ba, a kawo gida don tabarruki. Yanzu alluna sun cika wurin suna hani, masu wa'azi na tsaye suna tunatarwa cewa sallama da addu'a ga mamata kaɗai aka koyar. A nan ma ra'ayi ya rabu, kuma gardamar kan biyo mutane har cikin mota. Ina ganin hanin yana da gaskiya, amma a yi shi da laushi. Tsohuwar da ta sunkuya ta ɗauki tsakuwa so ne ya sunkuyar da ita, kuma ana iya gyara mata ba tare da an kunyata ta gaban jama'a ba.

Sai dabino. Ko an so ko ba a so ba, direba zai tsaya a wata gona ko kasuwa. Ajwa ake fara tambaya, ɗan baƙi mai tsada, saboda abin da ya zo na cin ƙwaya bakwai da safe. Bayansa Ambar manya-manya, da Safawi, da Mabrum, da Sukkari mai laushi. Ɗanɗano kyauta ne. Masu shaguna, 'yan Bangaladash da 'yan Afganistan, sun iya Hausar ciniki: “Alhaji zo, akwai araha, riyal goma.” Ana taya ana lissafin nauyin uwar jaka, ana tuna su wa za su zo sannu da zuwa. Dabino da bagaruwa da ɗan kofin zamzam su ne haƙƙin duk wanda ya shigo gida, sauran tsaraba, carbi da dadduma da zobe da kwalli, ta na kusa ce. Mu da muka tashi a da muna tuna 'yar kyamarar roba da ake kawo wa yara, ka sa ido ka danna ka ga Ka'aba, ka sake dannawa ka ga koriyar ƙubba. A cikinta da yawanmu suka fara ganin Madina.

A kasuwar nan kuma kake cin karo da naka. Akwai takari masu sayar da tuwo da fura a lungunan masauki, akwai kuma waɗanda kakanninsu suka taho a ƙasa ta Barno da Chadi da Darfur, suka yi shekaru suna noma a Sudan kafin su haye teku. Jikokinsu ne ake kira Hausawi da Fallata da Barnawi. Bayan yaƙin Burmi na 1903 ayari-ayari suka yi gabas, cikinsu har da Alfa Hashim, wanda ya zauna a Madina ya zama madogarar baƙi daga ƙasashenmu. Daga baya Shehu Umar Fallata ya yi shekaru yana karantarwa a cikin Masallacin Annabi. Waɗannan mutane da ƙafa suke zuwa Ƙuba, da ƙafa suke zuwa Uhudu, ba wanda ke yi musu ƙaho.

Kafin azahar dole a dawo. Ba wanda zai yarda ya rasa jam'i a masallacin da salla ɗaya a cikinsa ta fi dubu a waninsa, in ban da Masallacin Makka, saboda kallon wuri. Shi ya sa tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz, wadda jirgi ya fara isa a 1908, mutanenmu kaɗan ne suka san ta. Wasu kan ware wata safiya su je maɗaba'ar Sarki Fahad, inda ake buga Alƙur'ani har da fassarar Hausa ta Shehu Abubakar Gumi. Samari kuma su yi karo-karo su ɗauki tasi zuwa kwarin da ake kira na aljanu, su ga mota tana tafiya a kashe, alhali gangara ce da ido ke ɗauka hawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ranar take ƙanƙancewa. A da kwana takwas ake yi a Madina don a cika salla arba'in, duk da malamai sun yi magana a kan ingancin hadisinta, kuma a cikin kwana takwas mutum na iya komawa Uhudu shi kaɗai. Yanzu kwana huɗu ko biyar ne. Shiga Rauda sai da izini a manhajar Nusuk, abin da ke wahalar da tsohon da ko wayar ba ya riƙewa. A motoci da yawa babu mai bayani ko ɗaya, sai direba ya ce minti ashirin. Mutane su sauka, su hau tsaunin maharba, su juya wa shahidai baya su ɗaga waya, su dawo ba su san wa ke kwance a wurin ba.

Malaman bita su ware zama guda na tarihin wuraren nan tun a gida, kamar yadda suke koyar da ɗawafi da jifa, kuma kowace mota a sa mata mai sani. Kai kuma maniyyaci, in Allah ya sa Asabar ta riske ka a Madina, yi alwala a ɗakinka ka bi titin masu ƙafa da aka shimfiɗa daga Harami zuwa Ƙuba, domin ranar Asabar Annabi yake zuwa can, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Allah ya kai wanda bai je ba, ya maimaita wa wanda ya je.