Yadda Ake Ajiye Lasifika a Cikin Gida

Tun da Jalingo ta zama hedkwatar Jihar Taraba a shekarar 1991, garin yake ta bunƙasa, gidaje suna ƙara matsowa kusa da juna. A Abbare da sauran unguwanni, magidanta da dama suna da rediyo ko na'urar sauraron kiɗa da karatu mai lasifika biyu. Sau da yawa idan sauti bai fita tangaram ba, sai mai gida ya ƙure murya, ko kuwa ya zuba kuɗi ya sayo sababbi. Alhali kuwa galibi laifin yana ga wurin da aka ajiye su ne, gyaransa kuma ba ya cin ko kwabo.

Mazaunin Lasifika

Wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, shi ne ya ƙago dabarar raba sauti gida biyu, dama da hagu, a shekarar 1931, domin ya dace da kunnuwa biyu na ɗan Adam. Saboda haka wanda ya ɗora lasifika ɗaya kan ɗaya ya ɓata hikimar. Kamata ya yi lasifikan biyu da kujerar mai sauraro su zauna kamar duwatsun murhu, watau tazarar da ke tsakanin kowane biyu ta zama daidai. Mita biyu ta wadatar a matsakaicin ɗaki. Sannan a ɗan karkato fuskokinsu wajen kujerar. In an dace, za a ji muryar mai karanta labarai kamar daga tsakiya take fitowa.

Siririn sauti yana tafiya sak ne kamar hasken tocila, don haka a ɗaga lasifika har ƙaramin bakinta ya yi daidai da kunnen wanda yake zaune. Shi kuwa kakkauran sauti bazuwa yake yi ko'ina. Idan aka cusa lasifika a kusurwa, bango biyu da daɓe sukan mayar da shi ya yi ta rugugi har ya danne magana. A janye ta kamar rabin mita daga bango.

Ɗakin bulo mai daɓen siminti yakan yi amsa-kuwwa. A tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin. In ƙarar ta yi jinkirin mutuwa, sai a shimfiɗa darduma, a rataya labule mai kauri. Haka kuma a duba wayoyi, ja ga ja, baƙi ga baƙi, domin in an juya na gefe ɗaya, lasifikan za su riƙa kashe wa juna kakkauran sauti. Da hunturu a rufe su da ƙyalle idan ba a amfani da su, saboda ƙura.

Kafin a Sayi Sabuwa

Wanda ya yi duk wannan bai gamsu ba, to, ya karanta rubutun da ke bayan na'urarsa tukuna. Yawancin lasifikan gida masu om 4, ko 6, ko 8 ne. Haɗa mai om 4 ga na'urar da aka ƙera domin om 8 yana iya sa ta yi zafi ta lalace. Kada kuma yawan wat ya ruɗi mai saye, gama sai an ninka ƙarfin na'ura kamar sau goma kafin kunne ya ji sauti ya ninka sau biyu. Bugu da ƙari, ƙaramar na'urar da aka ƙure har sautinta ya dusashe tana iya ƙone lasifika. Abin da ya fi shi ne a saurari muryar da aka sani sarai kafin a biya kuɗi.

Lafiyar Kunne da Haƙƙin Maƙwabci

Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa baligi zai iya sauraron desibel 80 na sa'o'i 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a desibel 90 sa'o'i 4 ne kacal. Kurumtar da ƙara take jawowa sannu a hankali take shiga, kuma in ta shiga ba ta warkewa. Alamar da kowa zai gane ita ce: idan mutum biyu suna kusa da juna amma sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, sauti ya wuce kima.

A shekarar 2009 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana yawan ƙara, waɗanda hukumar NESREA take kula da su. Amma tun kafin doka, al'ada da addini sun san haƙƙin maƙwabci, musamman majinyaci, da jariri, da ɗalibi mai bitar karatu. Lasifikar da aka ajiye daidai tana isar da kowace kalma ga mai ita ba sai an ƙure murya ba. Ana roƙon jama'a su gwada waɗannan shawarwari, su kuma rage sauti da zarar dare ya yi.